Salama da Iyakar Gona



Wanda ya taɓa ratsa ƙasar Shanono a tsakiyar damina ya san abin da zan faɗa. Daga Kokiya zuwa Tsaure, daga Leni zuwa Faruruwa, da wuya idonka ya sauka a kan filin da ba shi da mai shi. Gero na gogar dawa, dawa na gogar gyaɗa, daga ƙofar gidan wane ana hango rumbun wane. Ƙidayar 2006 ta ce mutanen ƙaramar hukumar sun haura dubu 140. Yaran da aka haifa a shekarar ƙidayar yanzu sun isa neman gayaunarsu, ƙasa kuwa ko taku ɗaya ba ta ƙaru ba. Abin da ya raba gonarka da ta maƙwabcinka layin gamba ne, ko wata tsohuwar ɗorawa, ko kunya guda wadda kowa ya yarda ba a huɗe ta. A irin wannan wuri maganar zaman lafiya ba ta jiran a kira taro a otal. Kullum da safe ana yin ta, a bakin garma.

Yau kalma ɗaya nake so mu juya, mu ga yadda Kiristocin ƙauyukanmu suka fahimce ta da yadda suke zaune da ita a cikin ikilisiya. Kalmar ita ce salama. Na san yawancin masu saurarona Musulmi ne, kuma kalmar ba baƙuwa ba ce a kunnensu, da ita suke shiga zauren mutane, da ita suke idar da salla. Mu ma da ita muke shiga gida. Ka tsaya a ƙofar majami'ar ƙauye ranar Lahadi, mai sanarwa zai miƙe ya ce salama alaikum, jama'a su amsa, kamar dai a kowace majalisa ta Hausawa.

Hausa tana da kalmomi da yawa a nan. Akwai lafiya, ta jiki da ta gaisuwa. Akwai zaman lafiya, tsakanin mutum da mutum. Akwai kwanciyar hankali, tsakanin mutum da zuciyarsa. Tun da aka kammala fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na mishan ɗin Zariya ya daɗe yana fama da shi, kalmar da ta zauna a bakin masu bi ita ce salama, kuma ta haɗiye waɗancan ukun duka ta ƙara da na huɗu, wato shiri tsakanin mutum da Mahaliccinsa. A koyarwar Kirista daga nan komai ya faro. Mutum ya yi wa Allah laifi, Allah da kansa ya nemi sulhu ta wurin Yesu Almasihu, shi ya sa ake kiran Almasihu Sarkin Salama. Wanda aka yafe wa bashi mai nauyi haka, in ji koyarwar, ba shi da bakin shaƙe ɗan'uwansa a kan ƙaramin bashi.

Kafin in yi nisa, su wane ne waɗannan Kiristoci? Har gobe akwai mutanen birni da in aka ce Kirista sai hankalinsu ya tafi Sabon Gari. To, waɗanda nake magana a kansu ba su da wani gari da za su koma da Kirsimeti. Hausawa ne, yawancinsu jikokin Maguzawa, a ƙauyukan yammacin Kano da kudancinta, har zuwa cikin ƙasar Katsina wajen Malumfashi. Mishan ɗin SIM ya samu shiga Kano a 1933, ya karɓi aikin kula da kutare a Yadakunya, ya buɗe asibitin ido a 1943, ikilisiyoyin da suka fito daga aikinsa kuma suka zama ECWA a 1954. Makarantar Littafi Mai Tsarki ta Tofa ta yaye masu bishara da yawa waɗanda suka zaga ƙauyuka a kan keke. Katolika suna nan, Kano ta zama cikakkiyar dayosis ɗinsu a 1999. Angilika suna da dayosis ta Bari a ƙasar Rogo. Akwai Baftis, akwai HEKAN. Da yawa daga cikinsu sun fi son a kira su Masihiyawa, suna ma da ƙungiya mai wannan suna, Tarayyar Masihiyawan Nijeriya. A gida ɗaya sai ka tarar kaka yana kan al'adar iyayensa, babban ɗa ya musulunta, ƙaninsa dattijon ikilisiya ne, tukunyar tuwo kuwa ɗaya.

Yanzu ga wani abu da ya daɗe yana ba ni sha'awa. Kalmar salama daga Larabci ta zo mana, kuma 'yar'uwa ce ga kalmar Ibrananci shalom, tushensu ɗaya. A Ibrananci wannan tushe yana nufin cika, abu ya zama babu giɓi a jikinsa. Daga shi kuma aka ciro kalmar biyan diyya. A littafin Fitowa, sura ta 22, akwai dokar wanda ya saki dabbarsa ta cinye gonar wani, da ta wanda ya kunna wuta ta ci dammunan maƙwabci. Hukuncinsu su biya, kuma kalmar biyan da aka yi amfani da ita ɗiyar gidan shalom ce. Ashe tun asali salama tana da alaƙa da mudu da dami. In akuyarka ta ci waken wani, giɓi ya samu, kuma giɓin nan ba ya rufuwa da murmushi a ƙofar majami'a sai an mayar da wake. Manomin Shanono ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan.

Bari in ba ku labarin da na gani da idona ina saurayi. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, ba zan faɗi sunan kowa ba, domin jikokinsu suna nan kuma suna jin rediyo.

Goggona mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu da 'yar gona. Gonar tana iyaka da ta wani dattijon ikilisiyarmu, mutum mai shanun huɗa, mai baki a majalisar dattawa, wanda rabin kwanon da aka rufa majami'ar ma shi ya saya. Daminar farko bayan rasuwar, garmarsa ta ci kunya ɗaya. Aka ce kuskuren yaron da ke jan shanu ne. Da rani gambar da ke kan iyaka ta ƙone, ba a san wanda ya sa wutar ba, da ruwa ya sauka kuwa kunya biyu suka bi ta farko. Goggo ta je wurin fasto. Faston yaro ne, bai daɗe da fitowa makaranta ba, hatsin da iyalinsa ke ci kuma rabi daga rumbun dattijon nan yake fitowa. Ya saurare ta, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Mama, ki yi haƙuri. Kada mu ba Shaiɗan ƙofa. Mu 'yan kaɗan ne a garin nan, in aka ji muna rigima a kan gona me za a ce da mu?" Ta ce, "To, Baba Fasto, na ji." Baba take ce masa, ko da yake a haife ta haife shi.

Ta koma gida ta yi shiru. Kowa ya ce an zauna lafiya.

Ga waɗanda ba su sani ba, akwai ibadar da muke kira Jibin Ubangiji. Ana zagawa da gurasa da ƙoƙo, masu bi da aka yi wa baftisma su ci su sha don tunawa da mutuwar Almasihu, kuma ana gargaɗin kowa ya binciki zuciyarsa kafin ya miƙa hannu. A ikilisiyarmu dattawa ne ke zagawa da farantin, kuma wanda ke bin layin mata shi ne maƙwabcin Goggo. Ranar ya zo gabanta ya miƙa, ta naɗe hannuwanta a cikin mayafi. Ya ɗan tsaya, ya wuce. Jibi na biyu haka. Na uku haka. Ba ta daina zuwa sujada ba, ba ta daina sa baikonta ba, waƙa ma muryarta ce a gaba. Gurasar ce kawai ba ta taɓawa.

Mu matasa haushinta muka ji. Ni da bakina na ce Goggo tana ba mu kunya a gaban jama'a. Sai da na girma na gane cewa mu kunyar ido muke gudu, ita kuwa kunyar gonarta take nema, wadda marayu za su ci daga cikinta.

Matan zumunta ne suka fasa ƙwan. Shugabarsu ta bi ta gida ta ce, "Yaya, me ya hana ki cin Jibi?" Goggo ta ce, "Ba zan ci in yi wa Allah ƙarya ba. Zuciyata ba ta wanku ba, kuma hannun da ke miƙo mini ya san dalili." Duk wanda ya san zumuntar mata a ikilisiyoyin Arewa ya san ba a wasa da su. Su ne masu tulun kiɗa da zane iri ɗaya, su ne kuma masu kai tuwo gidan makoki, masu tara hatsi don gwauraye, masu sanin gidan da aka kwana ba a hura wuta ba. Ba su yi zanga-zanga ba, ba su ɗaga murya ba. Ranar Jibi na gaba farantin ya shiga layin mata a cike, ya fito a cike.

A makon nan majalisar dattawa ta zauna.

Sai aka rasa mai shaida. Duk wanda ya san iyakar a cikin ikilisiya, ko dai ya ci bashin hatsi a wurin dattijon, ko yana jiran aron shanunsa. Daga ƙarshe mai unguwa ya ce a kira wani tsoho Musulmi wanda gonarsa ke kan gonakin biyu ta gabas. Tsohon ya zo da sandarsa, bai ce wa kowa komai ba bayan gaisuwa. Ya taka daga wani kututturen aduwa ya miƙe, ya tsaya, ya ce a tona nan. Aka tona, sai ga ragowar saiwar gamba. Ya ƙara gaba ya ce a tona nan. Ga ta kuma. Ya juya ya dubi dattijon, wanda tare suka yi kiwo suna yara, ya ce, "Wane, kai ma ka sani." Ya kama hanyarsa. Ko goro bai tsaya karɓa ba.

Fasto ya so a tsaya nan, a mayar da kunya uku, a yi addu'a, a sha hannu. Wani tsoho cikin dattawan ya ce a'a, damina biyu fa an girbe abin da ke kan kunyoyin nan, ina ya tafi? Ya tuna musu da Zakka mai karɓar haraji a Bisharar Luka, wanda tubarsa ta zo da alkawarin mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Ba a kai ga ninki huɗu ba, amma an ɗauko dammunan dawa daga rumbun dattijon da rana tsaka aka kai gidan Goggo, gari na kallo. Aka sa shi a horo, aka karɓe farantin daga hannunsa na wasu watanni, ya koma bencin baya. Ya yi fushi, ya ce zai koma wata ɗarika, wanda kuma ciwo ne da ke damun ikilisiyoyinmu har yau: a tsauta wa mai kuɗi a nan, gobe ka gan shi a kujerar gaba a can. Shi dai bai tafi ba. Aka sake dasa gamba. Goggo ta ci Jibi.

Ba zan ce muku sun zama aminai ba. Har ta rasu gaisuwa ce tsakaninsu, amma gaisuwa ce wadda babu ƙarya a ƙarƙashinta.

Na daɗe ina tunanin maganar faston nan, kuma ba na zarginsa da mugunta. Abin da ya faɗa shi ne abin da yawancinmu muke faɗa. Haƙuri abu ne mai kyau, Littafi ya yabe shi, Bahaushe ya ce mahaƙurci mawadaci. Amma ku lura da wanda ake kai wa haƙuri a ƙasar nan. Kullum gangarowa yake yi, kamar ruwa, daga mai ƙarfi zuwa marar ƙarfi. Matar da miji ke duka, ita ake ba haƙuri. Marayan da kawu ya cinye wa gado, shi ake ba haƙuri. Ɗan ƙwadagon da aka hana kuɗin noma, shi ma haka. Da wuya ka ga an tashi tawaga zuwa gidan mai shanu a ce masa ya yi haƙuri ya mayar. Annabi Irmiya ya yi faɗa da malaman zamaninsa a kan daidai wannan hali, na shafa wa gyambo mai a rufe da tsumma a ce an warke. Shirun da ya biyo bayan zuwan Goggo wurin fasto irin wannan tsumma ne.

Kuma ba don babu tsari ba ne. Bisharar Matiyu ta shimfiɗa shi dalla-dalla. A sura ta 18, wanda aka yi wa laifi ya fara samun mai laifin su biyu kaɗai. In bai ji ba, a tafi da mutum ɗaya ko biyu. In ya ƙi, sai a kai gaban ikilisiya. A sura ta 5 kuwa nauyin yana kan ɗaya ɓangaren: mutum ya kawo baikonsa, ya tuna wani yana da ƙara a kansa, to ya ajiye baikon ya je ya shirya da shi tukuna. Ku dubi wannan da kyau, musamman masu riƙe da asusun ikilisiya. Ana cewa kuɗin ya jira. Fasto nawa ne zai iya ce wa mai ba da buhu goma a bikin godiyar kaka ya mayar da buhunansa gida sai ya daidaita da gwauruwar da ke maƙwabtaka da shi? Ikilisiyar farko ma ba ta tsira daga irin wannan ba. A Ayyukan Manzanni, sura ta 6, gunaguni ya tashi a Urushalima don ana tsallake gwaurayen wani ɓangare wajen rabon abinci. Manzanni ba su ce a yi shiru kada arna su ji ba. Sun sa an zaɓi mutum bakwai su gyara rabon.

Akwai rabin maganar faston da ban taɓa ba tukuna, inda ya ce mu 'yan kaɗan ne. Wannan ita ce ta fi nauyi, don gaskiya ce. Kiristan ƙauyen Kano ya tashi da labaran tarzoma a kunnensa. Ya ji na Oktoban 1982 a Fagge, ya ji na Oktoban 1991 lokacin zuwan Reinhard Bonnke, ya ji na Mayun 2004 bayan kashe-kashen Yelwan Shandam, ya ga na Afrilun 2011 bayan zaɓe. Yawancin wutar a birni ta ci, amma hayaƙinta yana kaiwa ƙauye. Saboda haka ya koyi taka-tsantsan: kada ka ja magana, kada ka kai ƙara, kada a san da kai. Shugabannin Masihiyawa sun sha kokawa a fili kan wahalar samun filin gina majami'a da ƙarancin malaman addinin Kirista a makarantun gwamnati, amma talakan ikilisiya ba ya son ko a ambaci wannan a gabansa. Bahaushe ya ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, shi kuwa ya riƙe karin maganar kamar laya.

Ina girmama wannan taka-tsantsan, ya ceci rayuka. Sai dai ina roƙon kada mu sa masa sunan da ba nasa ba. Mutumin da ya yi shiru don tsoro yana cikin tsoro ne. In muka kira wannan salama, ranar da aka ba mu ta gaskiya ba za mu gane ta ba. Kuma ina faɗa wa 'yan'uwana Musulmi na ƙauyukanmu, cikin ladabi, cewa shirun maƙwabci ba kullum ne yake nufin babu abin da ke damunsa ba. Wani lokaci sai ka tambaye shi sau biyu.

Kano ɗin nan kuwa ta nuna ta iya. A Janairun 2012, lokacin zanga-zangar janye tallafin mai, an ga matasa Kiristoci sun kewaye Musulmi suna gadinsu har suka idar da salla. A cikin watan wasu fitattun Musulmin Kano suka shiga majami'un Sabon Gari ranar Lahadi suka ce wa jama'a kada kowa ya gudu, nan gidansu ne. Kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 20 ga Janairu, Boko Haram ta kai harin da ya kashe mutum sama da 180 a birnin. A Afrilun shekarar aka harbe masu sujada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero. A Nuwamban 2014 aka kashe masallata sama da 100 a babban masallacin Juma'a na ƙofar fadar Sarki. Mai kisan bai bambanta ba, kuma mutane da yawa a lokacin suka gane haka. A Kaduna, Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa, waɗanda suka yaƙi juna a rikicin 1992, ɗaya ya rasa hannu, ɗaya ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa, tun 1995 suke aikin sulhu tare. A Filato, Imam Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa a Yunin 2018. Tsohon da ya nuna saiwar gamba a gonar Goggo ba a ba shi lambar yabo ba, amma ɗan gidansu ne.

Sai kuma abin da ya sa Shanono ta shiga labarai. Shekara da shekaru mutanen yankin suna jin labarin 'yan bindiga daga ƙetaren iyakar Katsina kamar tsawar da ke nesa. Zuwa 2025 tsawar ta iso. Aka riƙa kore shanu, aka riƙa ɗaukar mutane, a Shanono da Tsanyawa. A farkon Nuwamba rundunar soja ta ce ta kashe 'yan bindiga 19 a wata arangama a ƙasar Shanono, ta kuma rasa sojoji biyu da ɗan sa-kai ɗaya. Iyalai suka riƙa barin ƙauyukan bakin iyaka suna kwana a wurin dangi. Shanun huɗa, waɗanda su ne bankin manomi kuma su ne tarakta, suka zama abin da ke jawo wa gida bala'i.

A cikin shekarar ne ƙananan hukumomi da dama na Katsina, irin su Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa, suka zauna sulhu da 'yan bindiga. Mun ga hotunan, mutane sun zo wurin sulhu da bindigogi a rataye, sun koma da su a rataye. Ba na zagin talakan da ya yarda da wannan zama. Wanda ya shekara biyar bai noma gonarsa ba, in aka ce masa ga hanyar da zai yi shuka bana, ba ni da bakin hana shi. Amma mutanen bakin iyakar Kano suna cewa tun da aka yi sulhun can, baburan suka juyo nan. In haka ne, to a auna wannan sulhu da mudun da muka auna na Goggo. Me aka mayar? Wa ya tsaya ya ce ni na yi? Wa ya biya? Sulhun da ya ɗauke wuta daga rufinka ya ɗora a na maƙwabcinka, giɓin yana nan, wuri kawai ya sauya.

A cikin ikilisiyoyi kuwa tambayar ta fi haka zafi, kuma matasa ne ke yin ta. Suna cewa, Baba Fasto, an koya mana mu ƙaunaci maƙiyi, mu yi wa mai tsananta mana addu'a. To in ya zo da dare zai tafi da matata fa? Kiristoci ba su taɓa zama baki ɗaya a kan wannan ba. Akwai Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, EYN, wadda aka kafa a Garkiɗa a 1923, ɗarikar da tun asalinta ba ta yarda da ɗaukar makami ba. Ita ce ta fi kowace ikilisiya shan wuya a hannun Boko Haram. Yawancin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yanta ne, a Oktoban shekarar aka ƙwace hedkwatarta a Kwarhi, duk da haka ba ta sauya koyarwarta ba. Yawancin sauran ɗariku kuwa sun bambanta tsakanin ramuwa, wadda aka hana, da kare marar ƙarfi, wanda suke gani wajibi ne, musamman a kan hukuma. Ni a nan nake. Saurayin da ya kwana a bakin gari yana gadi tare da maƙwabtansa, da sanin hukuma, ban ga ya saɓa wa bangaskiyarsa ba. Inda nake jin tsoro shi ne washegari.

Domin washegari ne ake fara neman wanda ya tsegunta. Ido kuma ba ya zuwa nesa, a kan Bafulatanin da ke gefen gari yake sauka, wanda shekara talatin shanunsa ke kwana a gonakinmu da rani suna bar mana taki, matarsa ke kawo mana nono, tare muka yi jana'iza tare muka yi suna. Masu tsegumi suna nan, ba na musu, kuma ba ƙabila ɗaya ba ne. A nemo su da shaida, a miƙa wa hukuma. Amma mun ga abin da ya faru a Zamfara da Katsina lokacin da 'yan sa-kai suka fara kama mutum a kasuwa don kamanninsa kawai, mun ga abin da ya haifar. Mu da muka san ɗacin a ɗora wa mutum laifin da wani mai addini irin nasa ya yi a wani gari, bai kamata a koya mana wannan ba.

Saboda haka in da ina cikin majalisar dattawan wata ikilisiya a ƙasar Shanono wannan Lahadin, kafin a zo maganar kuɗin siminti da na lasifika, zan nemi a sa abu biyu a takarda. Na farko, iyalan da suka baro bakin iyaka suka sauka a garinmu, a ƙirga su gida-gida ba tare da tambayar inda suke ibada ba, a ga mudu nawa rumbun ikilisiya zai iya fitarwa. Na biyu, a kira sunan maƙwabcin nan da aka fara yi wa kallon gefe, a tambaya: wa ya san shi tun yana yaro a cikinmu? Wanda ya ɗaga hannu, gobe da safe ya ɗauki sandarsa ya raka shi wurin dagaci, ya faɗi abin da ya sani.

Lokaci ya cinye mu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Salama alaikum.